BABI NA UKU: TARIHIN SANA'AR ƘIRAR JAN ƘARFE A GARIN LAHIJ NA ƘASAR AZARBAIJAN

3.0 Gabatarwa

A wannan babi an yi ƙoƙarin bin diddigin tarihin sana'ar ƙirar jan ƙarfe da yi masa ado a ƙasar Azarbaijan, tare da mayar da hankali a kan garin Lahij, wanda shi ne ya fi kowane gari shahara da wannan sana'a a ƙasar. An fara da bayanin ƙasar da garin, sa'an nan aka waiwayi asalin ƙira a yankin tun zamanin da. Daga nan aka duba yadda maƙera suka tsara aikinsu, da irin kayan da suke ƙerawa, da adon da suke yi musu. A ƙarshe an kawo dalilan bunƙasar sana'ar a ƙarni na 19, da dalilan durƙushewarta a ƙarni na 20, da kuma matakan da aka ɗauka domin ceto ta. Tambayar da babin ke son amsawa ita ce: me ya sa wannan sana'a ta kafu a wani ɗan ƙaramin gari da ke maƙale a cikin duwatsu, kuma me ya rage daga cikinta bayan kasuwar da ta raya ta ta watse?

3.1 Ƙasar Azarbaijan da Garin Lahij

Azarbaijan ƙasa ce da ke yankin Kudancin Kaukasus, a gaɓar yamma ta Tekun Kasfiya. Tana maƙwabtaka da Rasha daga arewa, da Jojiya daga arewa maso yamma, da Armeniya daga yamma, da Iran daga kudu. Babban birninta shi ne Baku. Mafi yawan mutanen ƙasar Musulmi ne, kuma harshensu ɗan uwan harshen Turkanci ne.

Shi kuwa garin Lahij yana cikin gundumar Ismayilli, kimanin kilomita 180 yamma maso arewa da Baku. Garin yana kan gangaren kudu na manyan duwatsun Kaukasus, a tsayin da ya haura mita 1,200 daga doron teku, a gefen kogin Girdiman. Mutanen garin suna magana da harshen Tat, wanda yake daga dangin harshen Farisanci, baya ga harshen Azarbaijan da suke amfani da shi wajen hulɗa da sauran jama'ar ƙasa. An shimfiɗe titunan garin da duwatsun kogi, kuma akwai tsohuwar magudanar ruwa da aka gina a ƙarƙashin ƙasa tun ɗaruruwan shekaru. Haka kuma magina kan jera katako a tsakanin layukan dutse idan suna tayar da bango, domin ginin ya jure girgizar ƙasa, wadda ta sha aukuwa a wannan yanki.

Yanayin wurin yana da muhimmanci ga tarihin sana'ar. Ƙasar noma ba ta da yawa a Lahij, sanyin hunturu kuma yana da tsanani da tsawo. Saboda haka noma kaɗai ba ya iya ciyar da jama'a masu yawa. A ɗaya ɓangaren kuma akwai dazuzzuka a kewayen garin waɗanda ake samun gawayi daga gare su, ga kuma ruwan kogi. Waɗannan abubuwa biyu, watau ƙarancin gona da wadatar gawayi, su ne suka karkata mutanen garin zuwa ga sana'o'in hannu, kamar ƙira da jima da dukanci da saƙar darduma.

3.2 Asalin Ƙira a Yankin

Sarrafa ƙarfe daɗaɗɗen abu ne a wannan yanki. Duwatsun yammacin ƙasar, musamman wajen Gadabay, suna da arzikin jan ƙarfe, kuma an daɗe ana haƙar sa. Masu binciken kayan tarihi na ƙarƙashin ƙasa sun tono kayayyakin tagulla masu yawa a kaburburan mutanen da suka zauna a yankin tsakanin ƙarni na 13 da ƙarni na 7 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.), waɗanda ake kira al'ummar Hojali da Gadabay. Daga cikin kayan akwai gatura da wuƙaƙe da faffaɗan ɗamarar tagulla da aka zana wa siffofin dabbobi. Haka nan tonon da aka yi a Mingachebir daga 1946 zuwa 1953, kafin a cika wurin da ruwan madatsa, ya fito da kayan ado da makamai na zamunna daban-daban. Wannan ya nuna cewa dabarar zane a jikin ƙarfe da bakin kurfi ta riga zuwan Musulunci yankin da fiye da shekara dubu.

Bayan shigowar Musulunci a ƙarni na 7, adon ƙarfe ya ɗauki sabon salo. Rubutun Larabci da zanen rassan tsirrai masu sarƙewa da juna suka zama ginshiƙin ado. Akwai kayayyaki biyu da masana kan kafa hujja da su game da wannan zamani. Na farko wata butar tagulla ce da ke ajiye a gidan tarihi na Louvre da ke birnin Faris, wadda ke ɗauke da sunan maƙerinta, Usman ɗan Salman mutumin Nakhchiban, da shekarar 586 ta Hijira, daidai da 1190. Na biyu wani mazubin ruwa ne mai siffar saniya tana shayar da ɗan maraƙi, zaki kuma ya kama doronta, wanda ke gidan tarihi na Hermitage a birnin Santa Fitasbag. An ƙera shi a shekarar 603 ta Hijira, daidai da 1206. Masanan Azarbaijan suna danganta shi da ƙasar Shirwan, wasu masana kuwa suna ganin aikin gabashin Iran ne. Duk inda gaskiyar take, rubutun da ke jikinsa ya ambaci wanda ya yi zubin dabam, wanda ya yi zanen kuma dabam. Ke nan tun a wancan lokaci an riga an raba aikin narka da aikin ado tsakanin gwanaye biyu, kuma wannan rabo shi ne aka tarar a maƙerun Lahij bayan ƙarnoni masu yawa.

3.3 Lahij a Ƙarƙashin Daular Shirwan

Mutanen Lahij suna da labarun baka game da kafuwar garinsu. Wasu sun ce kakanninsu sun taso ne daga Lahijan da ke lardin Gilan na ƙasar Iran, wasu kuma suna danganta garin da Kai Kusrau, wani sarki na tatsuniyoyin Farisa. Masanin tarihi Vladimir Minorsky, a littafinsa na tarihin Shirwan da Darband wanda aka buga a 1958, ya danganta sunan Lahij da Laizan, wata ƙaramar masarauta ta cikin duwatsu wadda marubutan Larabci da Farisanci na ƙarni na 10 suka ambata. A wajen shekarar 917 wani sarkin Laizan mai suna Abu Ɗahir Yazid ya ci ƙasar Shirwan, ya haɗa masarautun biyu. Daga nan Lahij ta kasance a cikin daular sarakunan da ake kira Shirwanshah, waɗanda hedkwatarsu take a Shamakhi, daga baya kuma Baku.

Kusancin Lahij da Shamakhi shi ne ya buɗe wa maƙeranta kasuwa. Shamakhi babbar cibiyar cinikin siliki ce, inda fatake daga Iran da Turkiyya da Rasha suke haɗuwa. Baturen Ingila Anthony Jenkinson ya ziyarci birnin a 1562, haka ma Bajamushe Adam Olearius a 1636 zuwa 1637, dukansu kuma sun bar bayanin kasuwancinsa. Birni irin wannan yana bukatar tukwane da butoci da fitilu da makamai masu yawa. Fadar sarakuna ita ma tana bukatar kayan alfarma, kamar yadda kwalkwalin yaƙi mai ɗauke da sunan Sarki Farrukh Yasar ya nuna. Wannan sarki shi ne Shah Isma'il ya kashe a yaƙi a 1500, shekara guda kafin ya kafa daular Safawiyya a Tabriz. A 1538 Safawiyya suka kawo ƙarshen sarautar Shirwanshah gaba ɗaya. Sai dai sauyin masu mulki bai taɓa sana'ar ba sosai, domin bukatar gidaje ga tukunya da buta ba ta dogara ga wanda ke kan gadon sarauta ba. Abin da ya ƙaru shi ne tasirin salon adon Iran, da al'adar rubuta baitocin Farisanci a bakin kwanuka.

3.4 Tsarin Aiki a Maƙera

Maƙerar Lahij yawanci ɗaki ne da ke ƙasan gidan maigida, ƙofarsa tana fuskantar babban titin gari. Wuri ɗaya ne ake aiki a cikinsa, a kuma sayar da kaya. Ana kiran maƙerin jan ƙarfe misgar, shugaban maƙera kuma usta, ɗan koyo kuwa shagird. Usta shi ke sayen ɗanyen ƙarfe, shi ke kula da narka, shi ke karɓar aiki daga masu bukata, shi ke sayar da kaya, sa'an nan ya biya kowane ma'aikaci ladarsa. Sana'ar gado ce, uba ke koya wa ɗa, ko da yake akan karɓi yaron wani gida a matsayin ɗan koyo. Yaro kan fara da zuga da ɗebo gawayi da wanke kwanuka, ya yi shekaru kafin a bar shi ya riƙe masaba. Kamar yadda yake a sauran garuruwan Kaukasus, masu sana'a guda kan haɗu a ƙungiya ƙarƙashin wani dattijo da ake kira ustabashi, wanda ke sasanta rigingimu, ya kuma tabbatar da cancantar ɗan koyo kafin ya buɗe maƙerarsa.

Aikin kansa yana bin matakai kamar haka:

(a) Narka. Jan ƙarfe ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 1,085 a ma'aunin Salshiyos. Ana samun wannan zafi ne da gawayi da zuga-zugai na fata. Akan haɗa sabon ƙarfe da tsofaffin kwanukan da suka lalace a narka su tare, a zuba a mazubi, su daskare su zama dunƙule mai faɗi.

(b) Duka. Ana ɗora dunƙulen a kan uwar maƙera, mutane da yawa su kewaye shi da manyan gudumomi, suna saukar da su bi da bi har ya baje ya zama faifai. Da yake duka yana sa jan ƙarfe ya taurare har ya tsage, dole ne a riƙa mayar da shi wuta lokaci-lokaci domin ya yi laushi.

(c) Fitar da siffa. Daga faifan ne maƙeri ke tayar da jikin tukunya ko buta, yana juya shi a kan ƙananan uwayen maƙera masu kawuna iri-iri. Kayan da ke da wuya da hannu da baki, kamar buta, akan ƙera sassansu dabam-dabam sa'an nan a liƙe su.

(d) Kankara da gogewa. Ana ɗaura kwanon a jikin wata na'urar juyi ta hannu, a kankare tabon masaba da wuƙa ta musamman har jikinsa ya yi sumul.

(e) Shafen kuza. Wannan aikin wani gwani ne da ake kira galaichi. Jan ƙarfe idan ya haɗu da abinci mai tsami yana fitar da wata tsatsa kore mai cutarwa. Saboda haka duk kwanon da za a ci abinci ko a dafa a ciki sai an shafe shi da kuza. Kuza tana narkewa a digiri 232 kacal, don haka ana ɗumama kwanon, a barbaɗa masa wani gishiri da ake kira nashatir domin kuzar ta kama, a shafe ta da auduga. Wannan shafe yana gogewa da amfani, sai an riƙa sabunta shi, abin da ya sa masu shafen kuza suke yawo ƙauye-ƙauye neman aiki.

(f) Zane. Wannan shi ne mataki na ƙarshe, kuma aikin hakkak ne, watau mai sassaƙa zane. Yana aiki da ƙananan kurafu da 'yar masaba. Bayan ya gama akan cike ramukan zanen da baƙin abu domin adon ya fito sarai a kan farin kuza.

Idan aka lura za a ga cewa kwano guda yakan bi ta hannun mutum huɗu ko biyar kafin ya isa kasuwa. Wannan rabon aiki shi ya ba Lahij damar ƙera kaya masu yawa da inganci iri ɗaya. Amma kuma shi ne rauninta, domin idan gwani ɗaya ya ɓace daga cikin jerin, aikin sauran ma ya tsaya.

3.5 Ire-iren Kaya da Adonsu

Ana iya kasa kayan Lahij gida huɗu bisa ga amfaninsu. Kashi na farko kayan ruwa ne: guyum, babban tulun da mata ke ɗebo ruwa da shi daga marmaro, aftafa, butar alwala da wanke hannu, tare da layan, tasar da ke tare ruwan, da dolcha, ƙaramin moɗa mai hannu. Kashi na biyu kayan girki ne: gazan, tukunyar dafa shinkafar pilaf, da ashsuzan, matsamin da ake tace shinkafar da shi. Kashi na uku kayan kai abinci ne: majmayi da sini, manyan faranta, da sarpush, murfi mai tsini da ake kife abinci da shi domin kada ya huce. Kashi na huɗu ya ƙunshi kayan gidan wanka, kamar satil, da fitilu da kaskon wuta. Baya ga waɗannan akwai wata tasa ta musamman da ake kira tasar mabuɗi arba'in, wadda ake rubuta wa ayoyi da addu'o'i, a rataya mata ƙananan ƙarafa, a sha ruwa a cikinta don neman waraka daga firgita.

Adon da ake yi wa kayan ya ƙunshi furanni da ganyaye da rassa masu sarƙewa, da siffofin lissafi, wani lokaci da tsuntsaye da barewa da kifi. Fitaccen zane shi ne wanda suke kira buta. Wannan kalma a harshensu ba ta nufin mazubin ruwa. Suna ne na wata siffa mai kama da ɗigon ruwa mai lanƙwasasshen kai, wadda ake gani a dardumominsu da yadukansu. Mai zane yakan raba jikin kwano zuwa ɗamara-ɗamara, ya cika kowace da adonta, ya bar wani ɗan fili inda zai rubuta sunan mai kaya da shekarar Hijira, wani lokaci har da sunan maƙeri. Waɗannan rubuce-rubuce sun zama hujjar tarihi a yau, domin da su ake gane shekarun kayan da ke gidajen tarihi.

Darajar kayan a wurin jama'a ta wuce ta amfanin yau da kullum. Kayan jan ƙarfe suna daga cikin muhimman kayan ɗakin amarya, kuma akan jera su a kan kantoci a jikin bango domin baƙo ya ga wadatar gida. Bugu da ƙari, dukiya ce da ba ta ruɓewa, ana gadonta, ana iya jinginar da ita ko a sayar da ita bisa nauyi idan an shiga matsi. Wannan ne ya sa kowane sabon aure ya zama sabon ciniki ga maƙeran Lahij.

Ya kamata a ambata cewa ƙirar jan ƙarfe reshe ɗaya ce daga cikin adon ƙarfe na Azarbaijan. Maƙeran fari na Baku da Shaki da Ganja da Shamakhi da Shusha sun shahara da aikin zinariya da azurfa, inda suke amfani da dabarun shabaka, watau saƙa ado da siririyar waya, da mina, watau narka gilashi mai launi a kan ƙarfe, da garasabad, watau cike zane da baƙin haɗi a kan azurfa. Amma kayan maƙeran fari na masu hali ne, kayan Lahij kuwa sun shiga gidan mai kuɗi da na talaka.

3.6 Bunƙasa a Ƙarni na 19

A farkon ƙarni na 19 daular Rasha ta mamaye yankin. Yarjejeniyar Gulistan ta 1813 da ta Turkmanchai ta 1828 sun tabbatar mata da ƙasashen da ke arewa da kogin Aras, kuma a 1820 ta rushe sarautar Shirwan. Wannan mamaya ta haɗa ƙananan masarautu masu yawa a ƙarƙashin hukuma guda, abin da ya faɗaɗa kasuwar da kayan Lahij ke iya kaiwa. An ruwaito cewa a tsakiyar ƙarnin akwai wuraren sana'a fiye da 200 a garin. Da yake babu hanyar keken doki zuwa Lahij, wata sana'a ta taso a gefen ƙira, ita ce ta charbadar, watau masu sufuri da dawaki da alfadarai. Su ne ke hawo da ɗanyen ƙarfe da kuza, su sauko da ƙerarrun kaya zuwa Shamakhi da Baku da Ganja da Tiflis da Dagestan, har zuwa Iran da Turkiyya.

Ɗanyen ƙarfen yana fitowa ne daga ma'adinan ƙananan duwatsun Kaukasus da ke kudu da yamma. A 1864 'yan uwan nan Jamusawa na gidan Siemens suka sayi ma'adinin Gadabay, suka gina masana'antar narka ta zamani, wadda ta zama ɗaya daga cikin manyan masu samar da jan ƙarfe a daular Rasha. A wannan zamani ne kuma sunan Lahij ya fita waje. An ba wani maƙerin garin kyauta a bajekolin kayan Kudancin Kaukasus na 1850, sa'an nan aka nuna kayan garin a bajekolin duniya da aka yi a birnin Biyana a 1873.

3.7 Dalilan Durƙushewa

Hanyoyin da suka buɗe wa Lahij kasuwa su ne kuma suka shigo da abokan gogayyarta. Ana iya taƙaita dalilan koma-bayan sana'ar kamar haka:

Na farko, kayan masana'anta. Layin dogo ya haɗa Baku da Tiflis a 1883, kuma jiragen ruwa suna zirga-zirga a Tekun Kasfiya da kogin Bolga. Ta waɗannan hanyoyi kwanukan ƙarfe masu fenti da tangaran da tukwanen shayi na samobar daga birnin Tula suka cika kasuwanni. Suna da araha, ba su da nauyi, kuma ban da samobar, ba sa bukatar shafen kuza.

Na biyu, man fetur. Bayan da gwamnatin Rasha ta buɗe filayen mai na Baku ga 'yan kasuwa a 1872, birnin ya haɓaka cikin sauri, har ya kai a 1901 yana samar da kusan rabin man da ake haƙowa a duniya. Matasan ƙauyuka, har da na Lahij, suka kwarara can neman aikin albashi. Yaron da zai yi shekaru yana zuga ba lada sai ya ga ya fi masa ya tafi rijiyar mai. Ga kuma girgizar ƙasa da ta rushe Shamakhi a 1859, abin da ya sa aka mayar da hedkwatar lardi Baku, ta sake rushe shi a 1902. Babbar kasuwar da ke kusa da Lahij ta raunana ke nan.

Na uku, tsarin mulkin Sobiyet. Rundunar Bolshebik ta shiga Baku a watan Afrilu na 1920. Daga ƙarshen shekarun 1920 aka takura wa kasuwanci na ƙashin kai, aka tilasta wa masu sana'a shiga ƙungiyoyin gama-kai da ake kira artel, inda hukuma ke ba da kayan aiki, ta kuma yanke abin da za a ƙera. A irin wannan tsari yawan kaya ake ƙirgawa, don haka mai zane shi ya fara rasa gurbinsa. Yaƙin Duniya na Biyu ya ɗebe maza masu yawa daga 1941 zuwa 1945, bayansa kuma tukwanen alminiyam suka maye gurbin na jan ƙarfe a madafai.

Na huɗu, sauyin rubutu. An daina amfani da haruffan Larabci a hukumance a 1929, aka koma na Latin, sa'an nan a 1939 aka yanke shawarar komawa haruffan Rashanci. Cikin tsara guda sai aka wayi gari jikokin masu zane ba sa iya karanta abin da kakanninsu suka rubuta a jikin kwanuka, balle su rubuta irinsa.

Sakamakon waɗannan dalilai, yawan jama'ar garin ya ragu ƙwarai, maƙeru da yawa suka rufe, sana'ar ta rage a hannun gidaje ƙalilan.

3.8 Matakan Ceto Sana'ar

A shekarar 1980 gwamnatin Azarbaijan ta zamanin Sobiyet ta ayyana Lahij a matsayin wurin tarihi da al'adu da doka ta kare. Bayan haka aka buɗe gidan tarihi a cikin wani tsohon masallaci na garin, inda aka tara tsofaffin kwanuka da kayan aikin maƙera. Da ƙasar ta sami 'yancin kai a 1991, maƙera suka sami damar mallakar wuraren aikinsu da sayar da kayansu kai tsaye, garin kuma ya zama wurin da masu yawon buɗe ido ke zuwa. A watan Disamba na 2015, a taron da aka yi a Windhoek ta ƙasar Namibiya, hukumar UNESCO ta sanya ƙirar jan ƙarfe ta Lahij a jerin al'adun gado na ɗan Adam.

Waɗannan matakai sun hana sana'ar mutuwa, amma sun sauya mata alƙibla. Mai saye na da magidanci ne da ke neman tukunyar da za ta yi shekara hamsin a kan murhu, ya san nauyinta, ya san kaurin gindinta, ya san kyakkyawan shafen kuza. Mai saye na zamanin yawon buɗe ido kuwa baƙo ne da ke neman ƙaramin abin tsaraba mai sauƙin ɗauka. Irin wannan kasuwa tana ƙarfafa aikin zane, amma ba ta bukatar narka da dukan taron gudumomi, musamman da yake ana samun faifan jan ƙarfe na masana'anta a shirye. Ke nan matakan farko na aikin, waɗanda su ne suka fi bukatar haɗin gwiwar mutane da yawa, su ne suka fi fuskantar barazanar ɓacewa. Abin da ke taimaka wa sana'ar har yanzu shi ne, akwai gidaje a ƙasar da ke ganin abincin da aka dafa a tukunyar jan ƙarfe ya fi daɗi da amfani ga jiki, suna kuma zuwa Lahij su saya.

3.9 Kammalawa

A wannan babi an ga cewa ƙirar jan ƙarfe ta kafu a Lahij ne saboda haɗuwar abubuwa uku: ƙarancin ƙasar noma tare da wadatar gawayi, kusanci da kasuwar Shamakhi, da kuma al'adar da ta sa kayan jan ƙarfe suka zama dole a ɗakin kowace amarya. An ga yadda rabon aiki tsakanin mai narka da mai duka da mai shafen kuza da mai zane ya ɗaukaka garin a ƙarni na 19, da yadda kayan masana'anta da man fetur da tsarin Sobiyet da sauyin rubutu suka raunana shi. An kuma nuna cewa dokar 1980 da karramawar 2015 sun kare garin da sunansa, amma ilmin sana'ar yana hannun maƙera ne, ba ya cikin kwanukan da aka jera a gidan tarihi. Ɗorewarsa ta dogara ga samun yaran da za su zauna a maƙera su koya, su kuma ba za su zauna ba sai sana'ar tana iya ciyar da su. A babi na gaba za a duba ma'anonin zane-zanen da ake yi a jikin waɗannan kaya dalla-dalla.